Jiri da hajijiya: yadda ake bambance ciwukan cikin kunne a Ingila, da abin da zai yiwu a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida.

A nan Ingila, wanda ya kai kukan jiri wajen likitan unguwa, wanda suke kira GP, tambayoyi zai fara sha kafin a yi zancen magani. Ɗakin ne ke juyawa, ko ido ne ke yin duhu? Daƙiƙa nawa abin ke ɗauka, ko awa nawa, ko kwana nawa? Me ke tayar da shi? Ji ya ragu? A gida kuwa kun san yadda aka saba: a yi gwajin maleriya da taifot, a ɗaura ƙarin ruwa, mai kemis ya miƙo ƙwayar jiri ta Stugeron. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma mutum ya yi wata da watanni yana haɗiyar ƙwaya a kan ciwon da hannu kaɗai ke gyarawa cikin minti goma.

Da farko likitocin nan sukan cire abin da ba na kunne ba. Wanda idonsa ke duhu idan ya miƙe tsaye, ana auna masa jini yana kwance, a sake aunawa cikin minti 3 da tashinsa. Idan lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, matsalar tana jini ne: ƙarancin ruwa a jiki, doguwar ƙishirwar azumi, ko maganin hawan jini da ya yi ƙarfi. Ƙarancin jini ma kan sa irin wannan. Kowane asibitin ƙauye da ke da abin awon jini zai iya yin wannan gwaji.

Jirin kunne daban yake, domin duniya ce ke juyawa. Can cikin ƙashi, bayan dodon kunne, akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa a kowane ɓangare, su ke shaida wa ƙwaƙwalwa inda kai ya nufa. Idan saƙon dama ya saɓa da na hagu, sai ido ya riƙa fizga da kansa, amai ya biyo baya. Tsawon lokacin da jirin ke ɗauka shi ne babban abin da ke raba ciwukan.

Na daƙiƙoƙi shi ya fi yawa, likitoci na taƙaita sunansa da BPPV. Wasu ƙananan tsakuwoyin alli da ke manne a wani aljihu na cikin kunne ne ke ɓallewa su faɗa ɗaya daga bututun, galibi na baya. Mutum ya juya a gado, ko ya ɗaga kai zai ɗauko abu a saman kanta, ko ya sunkuya ruku'u da sujada, sai ɗaki ya kama juyawa, bai kai minti guda ba ya tsaya. Ji lafiya lau. Dattawa sun fi samunsa, haka wanda ya bugu a kai, misali faɗuwa daga babur.

Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura. Margaret Dix da Charles Hallpike ne suka bayyana shi a Landan a 1952. A zaunar da mutum a gadon gwaji, a juya kansa digiri 45 zuwa dama, a kwantar da shi rigingine da sauri har kan ya ɗan rataya a bakin gado, ido a buɗe. Bayan 'yan daƙiƙoƙi, idan kunnen dama ne, ƙwayar idon za ta fara murɗawa tana fizga sama, mutum ya damƙe hannunka. Idan shiru, a gwada hagu.

Maganin kuma daga nan yake ɗorawa, da dabarar da John Epley na Amurka ya wallafa a 1992. Ga yadda take idan kunnen dama ne. A bar shi a wannan kwanciyar daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, har jirin ya lafa. A juya kan digiri 90 zuwa hagu ba tare da an ɗaga shi ba, a sake jira. Sai ya mirgina a kafaɗar hagu, kan ya ƙara juyawa har hanci ya kalli ƙasa, a jira. Daga nan a tashe shi zaune, haɓa na ɗan sunkuye, a riƙe shi da kyau don jiri kan dawo a daidai nan. Tamkar mirgina tsakuwa ne a cikin lanƙwasasshen tiyo har ta fito ta baki. Inda ake kuskure: a yi wa kunnen da ba shi ba ne, ko mutum ya ɗaga kai a tsakiyar juyi tsakuwar ta koma baya, ko ta zame cikin bututun gefe, wanda shi kuma mirgininsa daban ne. Mai ciwon wuya ko tsohon da wuyansa ya sandare, a bar wa ƙwararre. Ciwon yakan dawo bayan watanni ko shekaru, sai a maimaita. A nan likitocin gashin ƙashi da masu awon ji na yin wannan aiki kullum, kuma babu abin da zai hana ma'aikacin lafiya a Gumel ko Maraɗi koyon sa a yini guda. Stugeron ba ta mayar da tsakuwa mazauninta.

Na awoyi shi ne ciwon Ménière, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1861. Ruwan cikin kunne ne ke yawa. Jirin kan ɗauki daga minti 20 zuwa awa 12, tare da ƙugi a kunne ɗaya, jin kunnen ya cika, da raguwar ji mai zuwa tana komawa, musamman na sauti mai kauri. Ba a tabbatar da shi sai da awon ji, inda ake sa mutum a ɗakin da ba hayaniya a ɗora masa abin saurare. A nan sukan rubuta betahistine, miligiram 16 sau uku a rana, ko da yake wani babban gwaji da aka yi a Jamus, aka fitar a 2016, bai ga ta fi ƙwayar bogi rage yawan farmakin ba, kuma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ita ba. Ana kuma ba da shawarar rage gishiri. Wannan ya fi sauƙi a nan, don kowane ƙunshin abinci na ɗauke da adadin gishirinsa, wanda ya wuce giram 1.5 a cikin giram 100 sau da yawa akan yi masa jan tambari. A gida sai dai mai girki ta rage dunƙulen ɗanɗano, shi ne maɓoyar gishirin. Idan abin ya ƙi, likitan kunne kan yi allura ta dodon kunne. Mai tuƙi kuma wajibi ne ya sanar da hukumar lasisi idan jirin na zuwa masa ba zato.

Akwai mai kama da shi da ake yawan ruɗewa: jirin masu ciwon kai na ɓari ɗaya. Yakan ɗauki minti 5 har zuwa kwana 3, haske da hayaniya na damun mutum, amma awon ji kan fito daidai.

Na kwanaki kuwa kumburin jijiyar da ke kai saƙo daga kunne ne, sau da yawa bayan mura. Jiri ba tsayawa, amai, tafiya na karkata gefe ɗaya. Idan ji ma ya tafi, kumburin ya shiga cikin kunnen kansa. A nan ana ba da Stemetil, maganin jiri da amai, amma na 'yan kwanaki kawai, kamar uku, sai a ce mutum ya tashi ya fara motsa kai da tafiya. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ba ta koyon daidaita kanta sai ta ji ruɗanin, kuma maganin na danne wannan koyo. Wannan na daga abin da ya fi cutar da mutanenmu: tsohuwa ta yi wata shida a kan Stemetil ko Stugeron, jiri bai tafi ba, ga rawar hannu da sandarewar jiki da maganin ya jawo.

Haɗarin shi ne bugun jini a bayan ƙwaƙwalwa, wato toshewa ko fashewar jijiyar jini, na iya zuwa da wannan kama. Mai hawan jini ko ciwon suga da jiri ya kama, ya kasa tsayawa ko zama ba tallafi, yana ganin abu biyu, harshe ya yi nauyi, fuska ta karkace, ko sabon ciwon kai mai tsanani, asibiti ne a take. A nan lambar gaggawa ta 999 ake bugawa. Akwai gwajin ido mai matakai uku da aka wallafa a 2009, ana kiran sa HINTS, wanda a hannun ƙwararre ya fi hoton CT kama wannan bugun, domin ko hoton MRI kan rasa shi a kwana biyun farko. Haka kunne ɗaya da ya daina ji farat ɗaya: ƙa'idar nan ita ce likitan kunne ya ga mutum cikin awa 24, don maganin na aiki ne a makonnin farko kawai.

Kada dai ku ɗauka komai a nan zuma ne. Ganin likita kyauta ne a NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, na'urar ƙara ji da batirinta ma kyauta, magani kuma fam 9.90 kowane iri a Ingila, wanda ya kai shekara 60 ba ya biya. Amma galibi baƙo mai bizar dogon zama ya riga ya biya fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman bizar. Kuma ba ka zuwa wajen likitan kunne kai tsaye sai GP ya tura ka. A takarda mako 18 ne iyakar jira, a zahiri yakan zarce. A Kano mutum na iya ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Malam Aminu Kano, ko ya je Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ba tare da irin wannan layin ba, in dai da kuɗin a hannu. Abin da asibitocin Ingila suka fi mu shi ne kayan aunawa: tabarau mai kyamara da ke ɗaukar fizgar ido, da gwajin zuba ruwa mai zafin digiri 44 da mai sanyin digiri 30 a kunne don a ga wanne ɓangare ya yi rauni.

Abu biyu kuma sun fi yawa a wajenmu, likitocin nan ba su cika tunaninsu da wuri ba. Ɗaya shi ne kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya mai wari tun yarinta. Idan jiri ya shigo, mai yiwuwa ciwon ya fara cin ƙashin bututun, aikin tiyata ne, ɗigon magani ba zai isa ba. Na biyu allurar gentamicin da ake yi barkatai a kemis. Tana iya kashe ma'aunin daidaiton jiki da ke cikin kunnuwa biyu gaba ɗaya, mutum ya riƙa ganin gari na rawa idan yana tafiya, ya kasa takawa a duhu, kuma ma'aunin ba ya dawowa. A nan sai an auna ƙoda da yawan maganin a jini ake ci gaba da ita. Duk wanda aka yi wa jerin allurai ya fara tangaɗi ko jin ƙugi, a dakatar da sauran, a tafi da kwalbar wajen likita ya ga sunanta.