Shiga aji a kalli malami ko duba sakamakon ɗalibansa, wanne ya fi?

Assalamu alaikum. Malam na ga tambayarka tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi an ba shi riƙon makaranta a zangon nan kuma an ce ya rubuta rahoto a kan kowane malami, shi ne yake tambaya wanne ya fi, ya riƙa shiga aji yana zama yana kallon yadda ake koyarwa, ko ya jira sakamakon jarabawa ya auna kowa da abin da ɗalibansa suka ci. To da farko dai Allah ya taya riƙo.

Ni a ganina su biyun nan ba abu ɗaya suke aunawa ba sam. Sakamako zai gaya maka akwai matsala a aji kaza amma ba zai taɓa gaya maka mecece ba, shi kuma zama a aji zai nuna maka abin da ke faruwa ƙuru-ƙuru, sai dai na minti 40 ɗin da ka zauna ne kawai, abin da aka yi jiya da wanda za a yi gobe ba ka da labari.

Bari in fara da sakamako tunda shi ya fi jan hankalin sabon shugaba, dalili kuwa ba ya buƙatar ka haɗa ido da kowa, kana ofis za a kawo maka takarda. Kuma yana da amfaninsa gaskiya, aikin zango guda ne cur ba na rana ɗaya ba, kuma maki bai san wane abokin hedimasta ba ne wane kuma ba sa ga maciji. Amma ka duba wannan, malami ya karɓi aji yaran suna cin 30 cikin 100 a lissafi ya yi ta fama ya kai su 50, wani kuma ya karɓi nasa suna cin 70 ya bar su a 72, in ka jera takardun ƙarshen zango kawai na biyun ne gwani, alhali na farkon ne ya yi aikin. Wannan matsalar ce ta sa wani masanin ƙididdiga William Sanders ya fito da tsarin auna ƙarin da yaro ya samu a hannun malami maimakon makin da ya ƙare da shi, jihar Tenesi ta Amurka ta fara aiki da shi tun farkon shekarun 1990. Dabara ce mai kyau, kai ma za ka iya yin irinta a sauƙaƙe, ka yi wa yara ɗan gwaji a makon farko ka ajiye, ƙarshen zango ka kwatanta. Duk da haka a 2014 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana jan kunne, ta ce yawancin binciken da aka yi sun nuna bambancin makin ɗalibai da za a iya jinginawa ga malami tsakanin kashi 1 ne zuwa 14 cikin 100, sauran yana komawa ga gida da abin da yaro ya zo da shi da yanayin makarantar kanta. Kenan in ka ɗora wa malami duka ka zalunce shi, in ya yi sa'ar aji kuma ka yaba masa a kan abin da ba shi ya yi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro da sakamako ma ba wannan ba ne, shi ne abin da yake mayar da malamai in suka gane da shi kaɗai ake auna su. Kuma ba yau aka fara ba. A Ingila a 1862 an kawo doka cewa kuɗin da gwamnati za ta ba makaranta ya danganta da zuwan yara da kuma yadda suka yi a gaban sifeto a karatu da rubutu da lissafi, me ya faru, sai malamai suka koma haddar dole, abin da sifeto ba zai tambaya ba aka watsar da shi, sai a shekarun 1890 aka haƙura da tsarin. A birnin Atlanta na Amurka kuwa abin ya wuce nan, binciken da aka fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a maguɗi, har da goge amsoshin yara ana gyarawa bayan an gama jarabawa, a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Wani masanin zamantakewa Donald Campbell ya daɗe da faɗa tun shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora masa hukunci mai nauyi to mutane za su fara murɗa shi har ya daina auna abin da aka yi shi dominsa. A ƙaramar makaranta ba sai an kai ga goge amsa ba, ya isa malami ya sauƙaƙa tambayoyi tunda shi ke saitawa shi ke makin, ko ya bi ta bayan fage ya tura raunanan yara ajin wani.

To shiga aji fa. Nan ne gani ya kori ji. Akwai abubuwan da ko shekara za ka yi kana duba takarda ba za ka gani ba, misali malami ya yi tambaya, sakan nawa yake jira kafin ya amsa wa kansa ko ya nuna wani? Wata mai bincike kan koyarwa Mary Budd Rowe ta auna wannan a farkon shekarun 1970 ta tarar yawancin malamai wajen sakan 1 kawai suke jira, in aka ja shi ya kai sakan 3 ko fiye amsoshin yara suna ƙara tsawo kuma waɗanda ba su saba magana ba suna fara ɗaga hannu. Ka ga wannan gyara ne da malami zai iya yi gobe da safe ba tare da an kashe ko sisi ba, amma sai wanda ya zauna a ajin ne zai lura. Haka za ka ga ko yara 5 na gaba kawai ake koyarwa sauran 'yan rakiya ne, ko malamin na ce "kun gane?" aji ya amsa "eh" a wuce ba a gwada kowa ba, ko rabin lokacin ya tafi a kwafar rubutu daga allo.

Amma shi ma da nasa ciwon. Na farko, in ka sanar za ka zo to darasin baje koli za ka gani, ranar ce za a zo da kayan koyarwa da aka kakkaɓe musu ƙura, wani ma ya riga ya koyar da darasin jiya yara sun san amsa. In ba ka sanar ba kuma malami ya ɗauka farautarsa kake. Ni kaina lokacin ina sabon malami an taɓa shigo min ba sallama aka zauna a baya, na rikice har na rubuta kwanan wata ba daidai ba, aka tashi bayan minti 10 ba a ce min uffan ba, sai daga baya na ji an rubuta wai ba na iya riƙe aji, wallahi har yau ban san me aka gani ba kuma ban ƙaru da komai ba. Na biyu, idon mai kallo, kowa ya fi son malamin da ke koyarwa irin yadda shi yake yi. Na uku kunya, mutumin da kuke gaisawa kullum da wuya ka rubuta masa bai iya ba, wani rahoto da aka fitar a Amurka a 2009 ya duba gundumomin ilimi 12 ya tarar inda zaɓi biyu ne kawai, gamsarwa ko rashin gamsarwa, sama da kashi 99 na malamai gamsarwa aka ba su. Ma'aunin da kowa ke ci ai ba ma'auni ba ne. Hukumar Ofsted mai duba makarantu a Ingila ma tun 2014 ta daina ba darasi guda ɗaya maki.

Wani babban bincike da gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ɗauki nauyi, da malamai wajen 3,000, wanda rahotonsa na ƙarshe ya fito a 2013, abin da ya cimma shi ne a haɗa, kallon aji da ƙarin da yara suka samu da kuma ra'ayin ɗaliban kansu, sannan kallo fiye da ɗaya kuma mai kallo fiye da ɗaya ya fi abin dogaro. Ra'ayin ɗalibai ɗin nan malamai da yawa ba sa son ji amma yara sun fi kowa zama a ajin, in dai tambayar ba "kana son malamin?" ba ce, ka tambaye su ko yana gyara musu kuskure in sun yi, ko yana sake bayani in ba su gane ba.

In ka ce dole in zaɓi ɗaya, shiga aji zan ɗauka, saboda shi kaɗai ne ke ba ka abin da za ka faɗa wa malami ya gyara. Amma da sharaɗi, a yi shi irin yadda masana harkar ilimi Morris Cogan da Robert Goldhammer suka tsara tun shekarun 1960, ku zauna kafin darasi ya gaya maka me yake so yara su iya in an tashi, ka shiga ka kalla, sannan ku sake zama. Kuma a ajin abin da ka gani za ka rubuta ba hukunci ba, kar ka rubuta "ba ya kula da 'yan baya", rubuta "tambaya 12 aka yi, 10 layin gaba suka amsa", wannan ba mai musu da shi, sau da yawa ma shi zai riga ka faɗin gyaran. Gyara ɗaya ko biyu ya isa, in ka zube masa goma ba zai ɗauki ko ɗaya ba. In kana neman abin da za ka gina fom ɗinka a kai, tsarin masaniyar harkar ilimi Charlotte Danielson na 1996 ya kasa aikin malami gida 4, shirin darasi, yanayin aji, koyarwar kanta, da sauran nauyin aiki irin su ajiye rajista da hulɗa da iyaye.

Wani abu kuma da sababbin shugabanni ke cakuɗawa, wani masanin auna ayyuka Michael Scriven ya raba aunawa biyu tun 1967, wadda ake yi ana cikin aiki don a gyara da wadda ake yi a ƙarshe don a yanke hukunci. In malami ya san duk abin da ya furta a zaman gyara zai shiga rahoton ƙarin girma to ba zai taɓa ce maka "wallahi wannan babin ni ma ban gane shi sosai ba", kuma wannan maganar ita kake nema. Don haka ka gaya musu tun farko wace shiga ce ta taimako wace ce ta rahoto.

Sai kuma kai kanka Malam, ka yi haƙuri. Wani Bafaranshe masanin shugabanci Henri Fayol a 1916 ya lissafa ayyukan shugaba 5, tsarawa, shirya mutane da kayan aiki, ba da umarni, daidaita aikin kowa da na kowa, sai bin diddigi, ka lura bin diddigin shi ne na ƙarshe. Laifi tudu ne. Kafin ka rubuta malami ya gaza ka duba taimtebul ɗinka, ka ba wanda ya karanta tarihi kimiyya ne saboda ba kowa? Darasi nawa yake shiga a mako, yara nawa ne a ajin, littafin ya iso kafin tsakiyar zango, sau nawa aka katse masa darasi saboda taro? Wani lokacin rahoton da za ka rubuta a kansa rahoton ofishinka ne.

Ba ka faɗi yawan malamanka ba, in sun haura 20 ba za ka iya kai kaɗai ba, ka raba da mataimakinka da shugabannin sassa, kowane malami a shiga masa aƙalla sau 2 ko 3 a zango kuma ba mutum ɗaya ba, ka kuma karɓi littattafan yara 5 ko 6 daga kowane aji ba waɗanda malamin ya zaɓo maka ba, ka ga yaushe rabon da a yi musu maki. Sannan ka fara da malamin da ka san ya iya, don sauran su ga ba neman laifi ya kawo ka ba.