Kit ɗin CDI na Peugeot 103: kayan ba laifi, amma taimin ne komai

Jama'a masu tsohuwar mobilet, musamman masu Peugeot 103 irin tawa mai filatin, ga ra'ayina kan kit ɗin wutar CDI ɗin nan ɗan China, wato wutar buji ta lantarki mai maye gurbin filatin, da ake sayarwa yanzu a shagunan kayan babur. Na sa shi a tawa anan Maraɗi, na hau shi lokacin zafi na hau shi da damina, don haka inaga zan iya cewa wani abu akai.

Ita 103 tun 1971 aka fara ƙera ta a Faransa, inji ne ƙarami mai siisii 49, tuu-sitirok, wanda ake gauraya masa mai da baƙin mai. Injin wlh baya mutuwa, abinda ke gajiyar da mutum shi ne filatin, wato kontak ɗin nan dake buɗewa yana rufewa a cikin bolan, faifan ƙarfen nan mai juyawa a gefen inji. Yana cinyewa, ƙura na shiga, kondensa ta mutu, gibin da ya kamata ya tsaya a milimita 0.4 ya canza, shikenan da safe sai ka yi ta taka feda kana gumi kafin ta tashi. Kuma kondensar kasuwa ta yanzu ba irin ta da bace.

A cikin kwalin akwai sabon bolan mai maganaɗisu, farantin bobin, ɗan akwatin CDI, kwayil na buji da wayoyi. Takardar bayani kam kar ka sa rai, wani ɗan zane ne da ko bakanike sai ya juya shi sama da ƙasa. Yadda abin ke aiki shi ne bolan na juyawa bobin ya tara wuta a cikin akwatin, in lokaci yayi sai akwatin ya saki wutar gaba ɗaya zuwa kwayil, kwayil ya ɗaga ta zuwa buji. Babu ƙarfe mai gugar ƙarfe, babu abin cinyewa.

Kafin ka ba mai shago kuɗinka ka duba bakin karanshaf ɗinka, saboda 103 iri biyu ce: mai filatin bakin nata babba ne, wadda ta fito da wutar lantarki daga kamfani bakinta ƙarami ne. In ka sayi wanda ba naka ba bolan ba zai zauna ba ko me za kai masa. Mafi sauƙi ka ɗauki tsohon bolan ɗinka ka tafi da shi shagon a gwada.

To yanzu ga inda maganar take. Mai babban bakin nan ba ta da kii, wato babu ɗan ƙarfen da ke tsayar da bolan a waje ɗaya, matsewar noti ce kawai ke riƙe shi, don haka duk inda ka ɗaure shi nan zai zauna ko daidai ko ba daidai ba, kuma injin zai iya tashi ma alhali taimin, wato lokacin tashin wutar buji, ya kauce, wannan shi ke ruɗin mutane. Da yawa daga masu cewa kit ɗin banza ne, ba kit bane, ɗaurin ne. Wani yaron gareji ya zo ya kifa bolan da ido, ya ji ta tashi, yace oga ta yi. Ba ta yi ba.

Abinda ake so shi ne wuta ta tashi lokacin da fistin ya rage milimita 1.5 ya kai ƙololuwa. Milimita ɗaya da rabi fa, ba abinda ido zai auna bane. Ana cire buji a ɗaura ma'auni a ramin, akwai wani mai zare da ake yi don wannan aikin, in babu shi wutsiyar baniya, wato ma'aunin kauri na bakanikai, ma tana yi in hannunka baya rawa. Ka juya injin a hankali har fistin ya kai iyakarsa ta sama, ka riƙe wannan awon, sannan ka mayar da shi baya, saɓanin yadda injin ke juyawa, har ya sauka 1.5. A nan za ka daidaita layin dake jikin bolan da layin dake jikin faranti ba tare da karanshaf ya motsa ba, sai ka ɗaure. Kuma bayan ka ɗaure ka sake aunawa, don matse notin kanshi yana iya jan bolan ɗin ya goce kaɗan. Bakin ƙarfen kuma a goge shi tas da fetur ya bushe, kar a shafa giris, in ba haka ba watarana kana tafiya zai zame.

Wajen cire tsohon bolan don Allah a nemi abin zare shi mai zare, kar a bari wani ya hau shi da guduma. Karanshaf ke lanƙwashewa, boris ya lalace, kazo gyaran wuta ka koma da gyaran inji.

Layin da ke jikin nawa kit ɗin bai zo daidai ɗari bisa ɗari ba, wannan shi ne babban abinda zan rage masa maki akai. Sai da wani dattijon bakanike ya haska da fitilar taimin mai walƙiya muka ga wutar na ɗan riga lokacinta, ya gyara. Yadda za ka gane ko babu fitila: in wuta ta yi gaba da yawa injin zai riƙa zafi fiye da ƙima, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka ja mai, kuma in ka yi taurin kai ka cigaba fistin na iya hujewa. In ta yi baya kuma babur ɗin zai yi sanyi, ba ƙarfi, salansa ta ɗau zafi tana tari.

Bayan an saita, gsky na ji daɗi. Feda kaɗan ta tashi, ko da sanyin hunturu, silo ɗinta ya zauna, buji ya daina yin baƙi da wuri. Amma masu tunanin za ta koma tsere su cire rai, babur ne da aka yi shi don gudun kilomita 45 a awa bisa dokar Faransa, wuta kaɗai ba za ta canza wannan ba. Lafiyar tashi ka saya.

Fitila kuma, tsohuwar wutar bolt 6 ce, kit ɗin 12 ne, dole ka canza ƙwan gaba da na baya, kuma nawa bai zo da regileta ba, in ka ja mai sosai ƙwai na ƙonewa, sai da na saya daban. Wayoyin ma sirara ne, kawunansu ba ƙwari, na sa an yi musu soda. Akwatin kar a ɗaure shi kusa da salansa ko kan injin, zafin watan Afrilu na nan kaɗai ya ishe shi. A tabbatar wayar as, wato wadda ake ɗaurawa a jikin babur, ta kama ƙarfe mai tsabta ba fenti ba. Sannan kar a juya injin buji na rataye bai taɓa jikin ƙarfe ba, haka ake kashe CDI sabo ful.

Wani abu da masu zuwa ƙauye ya kamata su lissafa: filatin in ya ƙi a hanya, ɗan sanfefa da sukundireba sun isa ka lallaɓa ka kai gida. CDI in ya mutu ya mutu, ba a gyara shi. Ni dai akwai ƙarin akwati ɗaya a ƙarƙashin sirdi, kuma tsohon filatin da bolan ɗinsa suna ajiye ban zubar ba.

Zan ba shi huɗu cikin biyar ga wanda ke da bakanike mai ma'auni. In garejinku da ido ake taimin, gara ka bar filatin ɗinka ka sayi kondensa mai kyau kawai.