Ofishin tsara aikin zaɓe na Ogba: sun iya kasafi, amma ba su san unguwa ba

Duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato a Legas, akan ga ƙananan ofisoshi na akantoci da lauyoyi suna tallata wa 'yan takara wani aiki mai sassa uku: su tsara musu jadawalin kamfen, su rubuta musu kasafin kuɗi, sannan su horar da wakilan da za su tsaya musu a rumfunan zaɓe. Kwamitin kamfen na wani ɗan takarar kansila a Agege, wanda ni ne ma'ajinsa, ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, wani ofishi da ke saman bene a Ogba, domin zaɓen da aka yi ranar Asabar 12 ga Yulin 2025. Ra'ayina a kansu bai canja ba tun daga ranar da muka rufe lissafi: duk wanda zai ɗauke su, ya ɗauke su ne saboda kasafin kuɗi da tsaron takardar sakamako, kada ya ba su amanar abin da ya shafi sanin mutanen unguwarsa.

Aikin farko da suka yi mana shi ne wanda ba mu san muna bukatarsa ba, kuma yana da nasaba da yadda aka gina ƙananan hukumomin jihar. Tsarin mulkin 1999 ya amince da ƙananan hukumomi 20 ne kawai a Legas. A shekarar 2003 gwamnatin jihar ƙarƙashin Bola Tinubu ta ƙirƙiro wasu 37, gwamnatin tarayya ta Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar a kan haka, rigimar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a ƙarshen 2004 ta ce riƙe kuɗin ya saɓa wa doka, amma ta ce sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata ɓangaren. Daga nan ne aka mayar da su yankunan raya ƙasa da ake kira LCDA. Abin da wannan tarihi ya haifar wa ƙaramin ɗan takara shi ne, hukumar zaɓen jiha, wato LASIEC, tana gudanar da zaɓen shugabanni 57 da kansiloli 376, alhali rajistar masu zaɓe da ake aiki da ita ta INEC ce, wadda ta raba jihar zuwa mazaɓu 245 a ƙarƙashin ƙananan hukumomi 20. A takardar INEC, LCDA ta Orile-Agege ba ƙaramar hukuma ba ce, akwai Agege kawai. Saboda haka mutum yana iya kwashe makonni yana neman ƙuri'a a layin da rumfarsa ba ta cikin mazaɓar da yake takara. Ofishin ya zauna ya daidaita jerin rumfuna da iyakar mazaɓarmu, ya ba mu taswira da sunan kowace rumfa da wurin da take, ko gaban makaranta ne, ko bakin kasuwa, ko mahaɗar titi. A nan ne muka ga cewa wasu layuka da ɗan takararmu ya fi yawan magoya baya a cikinsu suna jefa ƙuri'arsu ne ga wani kansila daban.

Inda ofishin ya fi cin kuɗinsa shi ne kasafi, kuma a nan ne aka fi kai ruwa rana da su. Kwamitinmu ya je musu da lissafin da kowane kwamiti ke zuwa da shi: fastoci, riguna da huluna masu hoton ɗan takara, hayar kujeru da rumfa, masu kiɗa, lasifika, abincin taro. Akantar da ke shugabantar wurin, wata mata Bayarabiya mai yawan shiru, ta karanta takardar har ƙarshe, ta juya bayanta ta ga babu komai, sannan ta tambayi shugaban kwamitinmu: "Alhaji, ina kuɗin ranar zaɓe?" Ya ce ai ranar zaɓe babu taro, babu kamfen. Ta ce shi ya sa ma ake mantawa da ita, kuma ita ce ranar da aka fi bukatar kuɗi a hannu.

Tsarinta shi ne a fara lissafi daga ranar zaɓe a dawo baya. Aka fara ƙirga rumfuna, aka ware wa kowacce wakili ɗaya da wanda zai maye gurbinsa idan ya makara ko ya gaji, aka rubuta kuɗin aikin kowa, da abincin safe da na rana, da ruwan sha, da katin waya da data, da batirin cajin waya, da biro, da hoton fasfo na katin shaidar wakili. Ba ta bar ledar da za a saka takardu a ciki ba, domin watan Yuli tsakiyar damina ne a Legas, kuma takardar sakamakon da ruwa ya jiƙa har tawada ta narke ba ta da amfani a gaban alƙali. Ta kuma dage cewa kowane wakili ya kasance mai kwana kusa da rumfarsa, wanda zai iya zuwa da ƙafa, tun da ana taƙaita zirga-zirgar ababen hawa a ranar zaɓe, kuma motar haya ta danfo ko keke da aka dogara da shi ba lallai ya fito ba. Sai da aka kammala wannan, aka ware kuɗin lauya da kuɗin ko-ta-kwana, sannan abin da ya rage aka ce shi ne na fastoci da taro. Abin da ya rage ɗin bai kai rabin abin da muka zo da niyyar kashewa ba, kuma ɗan takara bai ji daɗi ba ko kaɗan, domin a siyasar unguwa ana auna ƙarfin mutum da yawan hotunansa a bango. Ni dai ina ganin ita ce da gaskiya. Fosta a Legas ba ta daɗewa, ko ruwa ya wanke ta, ko abokin hamayya ya liƙa tasa a kai, ko kuma hukumar kula da allunan talla ta jiha, LASAA, ta cire ta idan an manna ta inda ba a yarda ba. Sun haɗa mu da wata maɗaba'a a Shomolu, inda nan ne cibiyar masu buga takardu ta Legas, suka ba da shawarar a buga kaɗan kaɗan a kan lokaci maimakon a jibge dubbai tun farko.

Hanyar fitar da kuɗi ma sun gyara ta. An buɗe asusu guda na kamfen da sa hannun mutum biyu, an hana biyan kowa da tsabar kuɗi sai da rasit, kuɗin wakilai kuma aka raba shi biyu: rabi da safe ta tiransifa, rabi bayan wakili ya kawo kwafin sakamako mai sa hannu. Wasu dattawan kwamiti sun ga wannan a matsayin rashin yarda da mutane, har wani ya ce ba a taɓa neman rasit a hannun ɗan unguwa ba. Amma ma'aji ne ya san daɗin abin, domin a ƙarshe babu wanda ya zo yana cewa ba a biya shi ba, kuma masu gudunmawa daga kasuwar Mile 12 da mayankar Oko-Oba sun ga inda kuɗinsu ya shiga layi bayan layi. Akantar takan kawo misali da Dokar Zaɓe ta 2022, wadda ta ƙayyade wa mai takarar kansila a yankin Abuja naira miliyan 5, mai takarar shugaban ƙaramar hukuma kuma miliyan 30, tana cewa ko ba kowa ke bin diddigin irin wannan iyaka ba, ɗan takarar da bai san nawa ya kashe ba bai cancanci ya duba kasafin ƙaramar hukuma ba.

Lauyansu ya yi wani ɗan aiki da ya kamata a ambata a gurguje. Ya bi alkawuran da aka rubuta wa ɗan takara ya soke duk wanda ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne, ya bar na kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, magudanun ruwa da ban-ɗakunan jama'a, waɗanda tsarin mulki ya lissafa a cikin ayyukanta. Ya kuma tunatar da mu cewa tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, babban aikin kansila shi ne amincewa da kasafi da bin sawun yadda aka kashe shi.

Horar da wakilai kuwa, nan ne rauninsu ya fito fili. Abin da suke koyarwa daidai ne: wakili ya isa kafin a buɗe rumfa, ya ga an nuna akwati babu komai a ciki, kada ya bar wurin lokacin ƙirga, ya lura da ƙuri'un da aka soke da dalilin sokewa, kada ya sa hannu a takardar da ba a cike ba, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto, ya bi takardar har cibiyar tattara sakamako. Amma duk wannan an shirya shi ne da Turanci, da ɗan Yarbanci a gefe, alhali an faɗa musu tun farko cewa yawancin wakilanmu 'yan kasuwa ne da mahauta da masu gadi waɗanda Hausa suka fi ji, wasu kuma ajami suka fi karantawa a kan boko. Zaman farko suka sa shi ranar Juma'a da azahar, lokacin da babu wanda zai bar masallaci ya zo Ogba. Na biyu suka sa shi da sassafe, lokacin da ake sauke kaya a kasuwa. Da aka samu aka taru, wani matashi mai koyarwa ya yi ta gudu a kan allon majigi, mutane suna gyaɗa kai don kunya, har sai da wani dattijo mai sayar da goro ya ɗaga hannu ya ce wa shugaban kwamiti: "Alhaji, yaron nan yana da ilimi, amma mu ba mu ɗauki komai ba. A kawo takardar mu gan ta da ido." Sai da muka nemo wani malamin Islamiyya ya yi tafinta, aka zana irin takardar sakamakon a kan babban kwali, aka kawo bokiti a matsayin akwati, aka yi gwajin zaɓe tun daga layi har sa hannu, sannan karatu ya shiga. Wannan aiki ne da muka biya su kuɗinsa amma muka yi shi da kanmu. Haka kuma ba su yi tunanin mata ba sam, alhali a unguwanninmu akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, kuma macen da za ta fito jefa ƙuri'a ta fi sakin jiki idan ta ga 'yar'uwarta a rumfa.

Akwai kuma abin da suke kira ɗakin sa ido, wato wurin da ake bin sakamakon rumfuna a ranar zaɓe, wanda suke cajin kuɗinsa daban, tare da wata manhajar waya da wakili zai riƙa tura sakamako ta cikinta. Ban ga amfaninsa ba. Manhajar ba ta hawa kan ƙananan wayoyin da mutanenmu ke riƙewa, inda ta hau kuma tana cin caji, kafin la'asar kowa ya koma tura hoto ta WhatsApp, wanda da ma da shi aka saba. Ɗan takarar shugaban ƙaramar hukuma mai ɗaruruwan rumfuna yana iya bukatar irin wannan ɗaki, tun da jihar gaba ɗaya tana da rumfuna 13,325, amma mazaɓar kansila guda ba ta wuce mutum biyu da littafi da waya mai caji ba.

Sakamakon zaɓen sananne ne: jam'iyyar APC ta lashe kujerun shugabanni 57 duka da kujerun kansila 375 daga cikin 376, kuma jama'a ba su fito sosai ba, kamar yadda aka saba gani a zaɓen ƙananan hukumomi. Ɗan takararmu ba ya cikin waɗanda aka bayyana. Washegari magoya baya suka cika gidansa suna cewa a tafi kotu, wasu lauyoyi ma har sun fara kiran waya. Akantar da lauyanta suka baza kwafin da wakilanmu suka kawo a kan tabarma, suka haɗa lissafi rumfa bayan rumfa a gaban kowa, jimillar ta zo daidai da abin da aka sanar. Lauyan ya ce wa ɗan takara: "Yallaɓai, idan ka ce a shigar da ƙara zan shigar, kuma za ka biya ni, amma takardunka da kanka ne za su ba da shaida a kanka." Ofishin da zai iya cin kuɗin shari'a amma ya ce kada a yi, ya cancanci a faɗi haka a kansa. Kuɗin lauya da aka ware tun farko an mayar wa masu gudunmawa gwargwadon abin da kowa ya bayar.

Farashinsu ba mai sauƙi ba ne ga ƙaramin ɗan takara, kuma sukan so a ɗauki aikin a dunƙule, amma idan aka matsa suna yarda a raba. Wanda zai je musu kafin zaɓe na gaba, ya je da wuri, tun kafin ya biya ko sisin kwabo a maɗaba'a, ya ɗauki taswirar rumfuna da kasafi da shawarar lauya, ya bar ɗakin sa ido. Batun horo kuma ya sa a rubuta a cikin yarjejeniya cewa da Hausa za a yi shi, a cikin unguwa, bayan sallar isha'i ko ranar Lahadi, da zama na musamman ga mata, kuma kada ya biya cikon kuɗin wannan sashe sai an yi gwajin zaɓe a gabansa.