Katin tuƙa jirgin ruwa a New York: kwas ɗin intanet ko na aji?

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokinka kun haɗa kuɗi kun sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji, mai tsawon ƙafa 18, don zuwa kamun kifi wajen City Island, ɗan tsibirin nan na birnin New York, idan zafi ya shigo. An gaya maka sai da kati, kana so ka san wanne ya fi, ka yi kwas ɗin a waya ko ka je aji. Ka kuma ce aikin tasi kake yi, ba ka da tsayayyar ranar hutu, kuma ba ka taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba.

Wanda ya ce maka sai da kati bai yi maka ƙarya ba. A Jihar New York akwai Dokar Brianna, wadda aka sa wa hannu a 2019. Sunan wata yarinya ce 'yar shekara 11, Brianna Lieneck, da ta rasu a 2005 a gefen Long Island lokacin da wani jirgi ya afka wa nasu. An fara aiki da dokar daki-daki, daga matasa zuwa manya, bisa shekarar haihuwa. Daga 1 ga Janairun 2025 kuwa ta hau kan kowa: duk wanda zai tuƙa jirgi mai inji a ruwan jihar, ko shekarunsa saba'in, sai yana da takardar shaidar ya yi kwas ɗin kiyaye haɗari. Tarar karon farko daga dala 100 ce zuwa 250. Kuma katin na mai tuƙi ne, ba na jirgi ba, don haka kai da abokinka kowa sai ya yi nasa, in dai za ku riƙa karɓar juna a sitiyari.

Abin da zai rage maka tunani shi ne, a idon hukuma hanyoyin biyu wuri guda suke kaiwa. Hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta jihar ce ke da alhakin wannan shaida, kuma ta amince da kwas ɗin aji, ta amince da na intanet matuƙar kamfanin yana cikin jerin da ta fitar. Ɗan sandan ruwa da ya tsayar da kai ba zai tambaye ka inda ka zauna ka karanta ba. Katin ba ya ƙarewa, sau ɗaya ake yi a rayuwa. Saboda haka maganar "wanne ya fi ƙarfi" ba ta ma taso ba. Bambancin yana wajen lokaci, kuɗi, Turanci, da kuma yawan abin da zai zauna maka a ka.

Ta fuskar lokaci, intanet ya yi wa aji nisa ga mai irin aikinka. Kwas ɗin aji awa takwas ne, ko dai a yi shi wuni guda, galibi Asabar, ko a raba shi dare biyu ko fiye. Asabar kuwa ka fi ni sanin abin da take kawowa a harkar tasi. Sai kuma ka jira ranar da aka buɗe aji kusa da kai, kuma da an ji ƙamshin bazara kujeru ke cika. Na intanet babi-babi ne, yana ajiye maka inda ka tsaya. Kana jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK za ka iya cinye babi guda, ka ƙarasa wani bayan sallar isha'i. Sai dai kada ka ɗauka abin minti talatin ne. Yawancinsu sun sa agogo a shafukan, ba ka tsallakewa sai lokacin ya cika, kuma ƙarshen kowane babi akwai 'yan tambayoyi kafin babbar jarrabawa. Idan ka ci, nan take kake buga shaidar wucin gadi ka shiga ruwa da ita.

Kuɗi ba wani abin tayar da hankali ba ne ta kowane ɓangare. Gidauniyar BoatUS tana da kwas kyauta a intanet. Kamfanoni irin su Boat-Ed da BOATERexam suna karɓar kuɗi, abin da bai kai dala ɗari ba, kuma abin da kake saya a wurinsu shi ne bidiyo da zane masu motsi da tsarin da ya fi daɗin bi a waya. A aji, malami ne ke yanke kuɗinsa, wasu ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin sa-kai ma kyauta suke yi ko da ɗan abin littafi, sannan wanda ya kai shekara 18 yana biyan jiha dala 10 na katin dindindin. Amma ka lissafa da wunin aikin da za ka rasa, a nan ne aji yake tsada. Gargaɗi ɗaya: kada ka rubuta tambaya a Google ka danna tallar farko. Ka fara shiga shafin hukumar jihar ka ga sunayen da ta yarda da su, don kwas ɗin da aka tsara wa wata jiha ko wanda ba a tantance ba asarar kuɗi ne.

Inda aji ya fi shi ne wajen Turanci, kuma wannan ne abin da mutanenmu ba sa son faɗa a fili. Turancin jirgin ruwa daban ne da na titi. Hagu da dama suna da nasu suna, gaba da baya suna da nasu, igiya ma ba a ce mata igiya. Wanda ke karanta Turanci ba tare da wahala ba zai wuce wannan cikin awa guda. Amma 'yan'uwanmu da suka yi boko da Faransanci a Yamai ko Maraɗi, ko wanda Turancinsa na baki ne ya koya a kasuwa da kan hanya, shafi bayan shafi na rubutu zai gajiyar da shi, ya koma canki-canka. A aji kana iya ɗaga hannu ka ce a maimaita, malami ya ɗauko rigar ceto ya sa a jikinsa, ya nuna maka tukunyar kashe gobara da inda ake duba ko tana da rai. Na san dabarar da ke zuwa wa mutum a rai, wato ya miƙa wa ɗansa ɗan sakandare wayar ya amsa masa. Kati zai fito, amma ranar da hazo ya rufe ku a tsakiyar ruwa yaron yana makaranta.

Sannan malaman aji, musamman 'yan sa-kai na Coast Guard Auxiliary (masu taimaka wa rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka) da na America's Boating Club, mutanen ruwan nan ne. Kwas ɗin intanet an rubuta shi ne don Amurka baki ɗaya, aka liƙa masa babi guda na dokokin jiha. Zai gaya maka akwai cikowa da janyewar teku, amma malamin da ya tsufa a Long Island Sound, mashigin tekun da ke tsakanin Long Island da Connecticut, shi zai gaya maka cewa a yammacinsa, inda City Island take, ruwa yana hawa da sauka kusan ƙafa bakwai, har dutsen da ka wuce ta kansa da hantsi ya fito fili da la'asar. Shi zai ja maka kunne game da matsattsen mashigin Hell Gate a kogin East River, inda ruwa ke gudu da ƙarfin da ƙaramin inji ke shan wahala, ga manyan jiragen dakon kaya da ba sa iya kauce maka ko da sun so. Irin wannan sanin ba ya cikin jarrabawa, a hira yake fitowa.

Abin da ake koyarwa kuwa ɗaya ne, domin duka ana bin ma'aunin NASBLA, ƙungiyar jami'an dokokin jiragen ruwa ta jihohi, shi ya sa ma yawancin jihohi ke karɓar katin juna. Kuma ba karatun banza ba ne. Za ka koyi cewa idan kana dawowa daga teku zuwa tasha, alamomin ja su kasance a damanka. Wanda ya saba da ruwan Legas ko Tema ya kula sosai, domin a Afirka da Turai akasin haka ne, ja a hagu take. Za ka koyi fitilun dare, ja a hagun jirgi, kore a damansa, da yadda ake gane inda wani jirgi ya dosa ta launin da kake gani. Za ka koyi tasha ta 16 a rediyon jirgi, ta neman agaji. Idan injinka na cikin jikin jirgi ne mai shan fetur, za ka koyi kunna fankar fitar da tururi na minti huɗu kafin ka tayar, don kada jirgin ya kama da wuta. Akwai igiyar da ake ɗaurawa a jiki mai kashe inji idan mai tuƙi ya faɗa ruwa, wadda dokar tarayya ta wajabta amfani da ita tun Afrilun 2021 a jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu.

Dokoki biyu na jihar sun shafe ka kai tsaye. Yaron da bai kai shekara 12 ba dole ya sa rigar ceto muddin jirgi na tafiya. Kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 1 ga Mayu, duk wanda ke cikin jirgin da bai kai ƙafa 21 ba dole ya sa ta, babba da yaro, saboda sanyin ruwa yana kashe gaɓoɓin gwanin iyo cikin 'yan mintoci. Naku ƙafa 18 ne, kun shiga ciki. Alƙaluman rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka na 2023 sun nuna mutum 564 ne suka mutu a haɗarin jiragen shaƙatawa. Kashi uku cikin huɗu nutsewa suka yi, kuma mafi yawan waɗanda suka nutse ɗin ba su sa rigar ba. Haka nan kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen sun faru ne a jiragen da mai tuƙinsu bai taɓa yin wani kwas ba. A jikin jirginku akwai ɗan allo da ya faɗi iyakar mutane da nauyin da zai ɗauka. Mu da muka san haɗarin jirgin ruwa da lodi ya jawo a Warra ta Jihar Kebbi a 2021 da Patigi ta Jihar Kwara a 2023, bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kansa ba, ko da ranar yawon sallah ce kowa na cewa a ɗan matsa masa.

To ga ra'ayina game da kai. Tunda rubutunka ya nuna kana karatu ba matsala, kuma lokaci ne ke maka wuya, yi na intanet, ka fara da na kyauta. Idan ka ga rubutun ya yi maka yawa, ka koma mai bidiyo. Abokin naka kuma, in Turancinsa bai kai naka ba, ya daure ya ba da Asabar guda ya je aji, ribar ita ce zai dawo muku da labarin ruwan unguwa da lambar mutanen da za ku iya tambaya. Amma kuɗin da ka tsira da su kada ka mayar aljihu. Babu ɗaya cikin kwas biyun da zai sa hannunka a sitiyari. Kamar wanda ya ci jarrabawar rubutu ta DMV, hukumar lasisin mota, ne bai taɓa taka burki ba, jirgi kuwa ko burkin ma ba shi da shi, iska da ruwa na tura shi ko ka kashe inji. Shiga tasha tsakanin jiragen mutane masu tsada, juyawa a wuri matsattse, sauke jirgi daga tirela ana jiranka a layi, waɗannan sai a kan ruwa. Ka nemi malamin tuƙi mai lasisi ya fita da ku na rabin wuni a cikin jirginku, ko wani tsohon hannu da ya yarda ya raka ku fitar farko da ta biyu. Ka kuma nuna wa kamfanin inshora katin, da yawansu suna rage kuɗi saboda shi.

Idan katin ya zo, yana tare da kai duk lokacin da kake tuƙi. DMV na iya buga maka 'yar alamar anga a lasisin motarka, ka huta da ɗaukar kati biyu a cikin jihar, amma in za ku tsallaka ruwan New Jersey ko Connecticut ka tafi da ainihin katin, ka kuma duba dokarsu tun a gida, kowace jiha da nata ƙa'idojin. Yaranka za su iya yin kwas ɗin daga shekara 10, tuƙa babur ɗin ruwa kuwa sai shekara 14.

Akwai abubuwan da katin bai ɗauke maka ba. Rajistar jirgin da ta tirela a DMV daban ne. Kamun kifi a ruwan gishiri yana da tasa rajistar ta jiha ga wanda ya kai shekara 16, kyauta ce amma ana tambaya. Sai babba, wanda na san zai zo maka a rai tunda sana'arka ɗaukar fasinja ce: wannan kati bai ba ka damar karɓar kuɗin kowa don ka fita da shi yawo ko kamun kifi ba. Wannan sai da lasisin kyaftin daga rundunar tsaron gaɓar teku, kuma mafi ƙanƙantarsa, mai ba da izinin fasinja shida, sai ka kawo shaidar kwana 360 a kan ruwa kafin a saurare ka.