Makonni takwas a sashen gashin ƙashi saboda kumburin gefen gwiwa

Ciwon ya samo asali ne daga shawarar da likita ya ba ni ta in riƙa tattaki saboda ƙiba da ciwon suga, ni kuma na ɗauki abin da zafi, na ƙara tafiyata daga kilomita 2 zuwa 6 cikin mako guda. Ba a jima ba na fara jin zogi a gefen gwiwata ta dama ta ciki, musamman idan zan hau matattakala ko zan tashi daga kujera, da dare kuma da zarar na kwanta a gefe gwiwoyin suka haɗu sai barci ya gagara. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba, sai 'yar alamar amosanin gaɓɓai, don haka aka tura ni wata cibiyar gashin ƙashi, inda na yi makonni 8 ina zuwa sau biyu a mako.

Zaman farko shi ne ya fi kowanne amfani, kuma saboda shi nake yaba wa cibiyar. Likitar gashin ƙashin da ta karɓe ni ta sa na yi tafiya a gabanta, ta duba takalmina ta nuna mini yadda ya fi cinyewa ta gefen ciki, sannan ta kwantar da ni ta danna daidai mahaɗar gwiwar, ban ji komai ba. Da ta sauke babban yatsanta kimanin santimita 5 ƙasa da nan, a kan ƙashin ƙwauri, sai da na zabura. "Malam, nan ne ko?" in ji ta, na ce nan ne kuwa. Ta ɗauko gwiwar roba ta nuna mini cewa jijiyoyi uku ne suke saukowa daga tsokokin cinya su manne a wannan wuri, a baje kamar ƙafar dinya, wanda shi ne ma'anar sunan da ake kiran wurin da Latin, kuma a ƙarƙashinsu akwai wata 'yar jaka mai ruwa da ake kira bursa, wadda aikinta hana jijiyoyin goga ƙashi. Wannan jaka ce ta kumbura. Ba ta yanke hukunci ba sai da ta lanƙwasa gwiwar ta juya ta don ta tabbatar ba guringuntsi ne ya yage ba, domin ciwukan biyu suna yin kama da juna.

Ta kuma bayyana mini dalilin da ya sa ni ne abin ya sama. Tsokar bayan cinyata ta ɗaure ƙwarai, tsokokin ƙuguna ba su da ƙarfi, shi ya sa gwiwar take karkata ciki duk lokacin da na taka, ga nauyin jiki, ga ciwon suga, waɗanda duk suna cikin abubuwan da ke jawo wannan kumburi, tare da gwamen ƙafa da amosanin gwiwa.

Atisayen da ta tsara mini ba su da yawa. Ina kwanciya rigingine in rataya tawul a tafin ƙafa in ja ƙafar sama a miƙe, in riƙe na daƙiƙa 30, sau uku. Ina ɗaga ƙafa a miƙe don ƙarfafa gaban cinya. Ina kwanciya a gefe da roba ɗaure a gwiwoyi ina buɗe su ina rufewa. Sai a mako na biyar ta ƙara mini hawa da sauka a kan ɗan dakali. A gida kuma ina ɗora ƙanƙara naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, sau uku a rana, ina kuma sa matashi tsakanin gwiwoyina in zan kwanta. Wannan matashin kaɗai ya dawo mini da barcina tun a makon farko. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ce in kwanta in daina motsi ba: ta dakatar da doguwar tafiyar, ta mayar da ni kan keken motsa jiki, ta kuma ba ni ma'auni mai sauƙi, cewa duk atisayen da zafinsa ya kai ni washegari to in rage shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne na'urori da sauyin ma'aikata. A kowane zama na minti 45, kusan minti 20 suna tafiya ne a kan na'urar da ake gogawa a fata da man shafawa da kuma wadda ke tsikarar tsoka da lantarki. Suna da daɗi, suna kuma rage zogin na 'yan sa'o'i, amma ni dai sauƙin da ya ɗore daga atisayen na same shi, kuma da an ba ni zaɓi da na so a yi amfani da lokacin wajen gyara mini yadda nake yin su. A mako na huɗu kuwa aka haɗa ni da wani ma'aikaci da bai karanta fayil ɗina ba, ya sa ni tsugunno mai zurfi, ciwon ya dawo sabo har kwana uku. Da na kai kuka an ba ni haƙuri, aka mayar da ni hannun likitar farko, amma wannan kuskure ne da bai kamata a yi shi a kan mai jinya ba. Takardar atisayen da suke bayarwa ma hotunanta sun dushe, sai da na ɗauki bidiyon likitar da wayata, da izininta.

Zuwa mako na shida ina hawa bene ba tare da dafa bango ba, a mako na takwas kuma na koma tattakin kilomita 4, wanda aka riƙa ƙara mini kaɗan-kaɗan. Ban buƙaci allurar da ake yi a cikin jakar don kashe kumburi ba, abin da ya faranta mini rai sosai, domin irin wannan allura takan ɗaga sugan jini na wasu kwanaki. Ina ba duk mai irin ciwona shawarar ya je gashin ƙashi, amma ya nemi a bar shi da likita ɗaya tun daga farko, ya kuma tambayi minti nawa za a ware wa atisaye. Idan kuwa wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, ga zazzaɓi, to likitan asibiti zai fara gani kafin gashi, domin mai yiwuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga.