Fostar Haikalin Sulemanu da ake saidawa a Sabon Gari: ta yi, amma akwai gyara

Malaman makarantar Lahadi da masu jan nazarin Littafi Mai Tsarki a nan Zariya, akwai wata fosta ta Haikalin Sulemanu da wani shagon littattafan Kirista ke saidawa a Sabon Gari, tana zuwa da ɗan ƙaramin littafin bayani da Hausa, kuma ni dai ra'ayina ku saya. Amma ku tsaya ku ji inda ta yi da inda ba ta yi ba, don kar ku je gaban yara ku koyar da abun da ba ya rubuce.

Abun da ya fara burge ni shi ne mai zanen bai tsaya kan zinariya da katakon al'ul ba kamar yadda aka saba, ya yanke ƙasa ne ya nuna maka harsashin ginin, manyan duwatsu jere a ƙarƙashi, kowanne da ayarsa a gefe. Yawancin hotunan Haikali da muke gani daga bango suke farawa, kamar ginin ya tsiro ne kawai. Alhali 1 Sarakuna 5:17 ta faɗa ƙarara cewa sarki ya ba da umarni a haƙo manyan duwatsu masu tsada, sassaƙaƙƙu, don kafa harsashin. Masu tsada fa, kuma a wajen da ba mai sake ganinsu in an gama gini. A wannan surar aka ce masu sassaƙa dutse a kan tuddai mutum 80,000 ne, masu dakon kaya 70,000, ga maginan Hiram sarkin Taya da mutanen Gebal da suka haɗa hannu da na Sulemanu. Duk littafin ya kawo wannan daidai, har da awon ginin, tsawo kamu 60, faɗi 20, tsayi 30, da shekara 7 da aka ɗauka ana aikin.

Inda ya fi daɗi shi ne shafin da ya haɗa duwatsun da Almasihu, nan kam ya yi aiki. Ya fara da Ishaya 28:16 inda Ubangiji ya ce zai kafa dutse a Sihiyona, gwadajje, mai daraja, na kusurwa, sai Zabura 118:22 ta dutsen da magina suka ƙi, sai ya nuna yadda Yesu da kansa ya ɗauko ayar a cikin Haikali a Markus 12:10, Bitrus kuma ya maimaita ta gaban majalisa a Ayyukan Manzanni 4:11. Akwai tambayar da matasanmu suke yawan yi, wai 1 Korantiyawa 3:11 ta ce ba wani harsashi sai Yesu, to me ya sa Afisawa 2:20 ta ce an gina mu kan harsashin manzanni da annabawa? Littafin ya amsa cikin sauƙi, ya ce dutsen kusurwa, wato Yesu, shi ake fara ajiyewa, daga shi ake jan layin duk sauran, manzanni ba wani tushe dabam ba ne, layinsa suka bi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan birkila yana ɗaure igiya kafin a zuba kankare ya san in kusurwa ta karkace to bangon gaba ɗaya ya tafi, damina ɗaya za ta tona asiri. Na ji daɗin wannan bayanin sosai, domin mu da muke koyarwa sau da yawa muna da ayoyin a kai amma ba mu iya jera su yadda yaro ɗan shekara goma zai kama.

Haka ma 1 Sarakuna 6:7, cewa tun a mahaƙa aka gama gyara duwatsun, ba a ji ƙarar guduma ko gatari ko wani ƙarfe a wajen ginin ba. Ya haɗa ta da 1 Bitrus 2:5 inda aka kira masu bi rayayyun duwatsu, ya ce masu wa'azi da yawa suna ɗaukar duniyar nan a matsayin mahaƙa, a nan ake sassaƙa mu. Kuma ya yi gaskiya ya ce wannan fassarar wa'azi ce, ayar kanta labarin gini take bayarwa. Da ma haka ya yi a ko'ina.

To ga inda raina bai so ba. A kusurwar fostar an sa hoton Bangon Yamma na Urushalima an rubuta wai duwatsun Sulemanu ne. Ba haka ba ne. Haikalin Sulemanu sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila sun ƙone shi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Zarubabel, jagoran Yahudawa, ne ya sake kafa harsashi bayan dawowarsu daga bauta a Babila, a nan ne Ezra 3 ta ce tsofaffin da suka san Haikali na farko suka fashe da kuka, wasu kuma na sowa har ba a iya bambance muryoyin. Wancan bangon da ake gani a hoto na aikin faɗaɗawar da sarki Hirudus ya fara ne wajen shekara 20 kafin Almasihu, bangon da ya tokare filin Haikalin ne, Haikalin da ke kai kuma Romawa suka rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Irin waɗannan duwatsun ne almajiri ya nuna wa Yesu a Markus 13 yana mamakin girmansu. Tsakanin Sulemanu da Hirudus akwai kusan shekara 900, bai kamata a cakuɗa su ba.

Sai kuma labarin nan da muka sha ji a kan bagadi, wai an aiko wani dutse daga mahaƙa, magina suka ga bai shiga ko'ina ba suka gangara da shi kwari, daga baya aka gano shi ne mafi muhimmanci. Littafin ya kawo shi kamar tarihi. Ku duba littattafan Sarakuna da na Tarihi a Littafi Mai Tsarki, babu shi, labarin baka ne na masu wa'azi. Haka duwatsu masu kamu 8 da kamu 10 na 1 Sarakuna 7:10, ya ce na Wuri Mai Tsarki na Haikalin ne, alhali in ka karanta daga farkon surar maganar fadar sarki da gine-ginenta ake yi. Abun yana damuna ne don a garin nan muna zaune da maƙwabta masu karatu, ga 'yan jami'a a cikin ikilisiyoyinmu, yaro in ya gano malaminsa ya ce abu yana cikin Littafi kuma babu, zai fara shakkar sauran ma.

Maganar shagon kuwa ba ni da ƙorafi. Mamar da ke wajen ta buɗe min fostar gaba ɗaya kan tebur kafin in biya, ta bar ni na karanta littafin a tsaye ba ta ɗaure fuska ba. Da na nuna mata zancen bangon sai ta ce, "Malam, rubuta min a takarda, in mai kawowa ya zo zan ba shi." Na ce "To Mama, Allah ya sa su gyara." Farashi da sauƙi, suna karɓar taransifa. Takardar dai ba ta da kauri, kalar ja tana ɗan bin yatsa in hannu da gumi, rubutun ayoyin ƙasa kuma ƙanana ne, wanda ke bencin baya ba zai gani ba sai ka karanta masa. Ku kai a yi mata laminetin kafin ku manna, musamman in ajinku a ƙarƙashin rumfa yake, sannan ku sa ɗan farin tef ku rufe rubutun da ke ƙasan hoton bangon ku rubuta sunan Hirudus a kai.