Fentin da aka yi wa agogon Baba

Tun da na zo Janeba, a ƙasar Suwizalan, ban taɓa jin kunya irin ta Talatar nan ba, kuma a kan agogo. Omega ne na marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, wanda ya sayo a Jidda da ya je sauke farali, tun ba a haife ni ba. Da aka raba gado ya faɗo a kasona. Kwanan baya ya soma latti, sai na ce tunda Allah ya kawo ni garin masu abin, bari in kai a duba.

Nan ba a faɗa wa shago haka kawai. Sai da na buga waya aka ba ni rana, bayan kwana tara. Na je na danna ƙararrawa, aka ƙare mini kallo ta gilashi har takalmi kafin a buɗe. Wani dattijo ya karɓi agogon a kan ƙyalle kamar an miƙa masa jariri, ya ƙwama ɗan madubi a ido ɗaya, ya yi shiru. Can ya ɗago ya ce, wa ya yi wa fuskar nan fenti?

Ni kuwa da fara'ata na ce ai yayana ne ya kai kasuwa aka sabunta ta, don baƙin ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Mutumin ya dafe goshi. Ya miƙo mini madubin na duba da idona: haruffa sun karkace, fenti ya hau kan alamun awa, ɗan rubutun da ke ƙasan ƙarfe shida an shafe shi gaba ɗaya. Ya ce koɗewar da muka rufe ita ce masu tara agogo ke farauta. Wasu baƙaƙen fuskokin Rolex da Omega na shekarun 1950 da 1960, fentinsu ba ya jure rana da gumi, sai a hankali ya rine kamar shayin da ba madara. Suna kiran irin wannan fuska tirofikal, wato ta ƙasar zafi, kuma kowace da irin rininta. Ranar Kano ta yi shekaru tana yi mana aikin kyauta, mu kuma muka biya aka goge shi a yini ɗaya. Wata budurwa da ke shagon ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Daga baya na gane a wannan harka fuska ce dukiyar, inji bin baya yake. Rolex samfurin Daytona na ɗan fim Paul Newman, irin fuskar da a da aka ƙi saye, an yi gwanjonsa a Amurka a 2017 kan dala miliyan 17.8. A shekarar dai, nan Janeba, Rolex ɗin Bao Dai, sarkin Biyetnam na ƙarshe, mai baƙar fuska da lu'ulu'u, ya haura dala miliyan 5, kuma a garin nan ya saye shi a 1954. Akwai waɗanda Sarki Ƙabus na Oman ya riƙa kyauta da su, masu tambarin wuƙar hanjar a fuska, su ma rububinsu ake yi. Duk watan Mayu da Nuwamba manyan gidajen gwanjo ke baje kolinsu, ka ga attajiri ya duƙa yana ƙwaƙƙwafin wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba.

Sai na tuna halinmu. Abu ya tsufa, sai a wanke shi ya yi ƙyalli don kada a ce wane ya tsiyace. Takardar saye a ƙunshe ƙosai da ita, kwali a ba yara. Agoguna nawa ne da alhazai suka ɗauro daga Makka suka sha goga da fenti a haka? Su kuwa nan, kamfanin agogo na Patek Philippe na iya buɗe littafinsa ya gaya maka shekarar da aka ƙera naka da ranar da aka sayar.

Duk da haka wallahi na yi kewar mai gyaran gida. Ka zauna a benci, ya buɗe agogo a gabanka kuna hira, kafin la'asar ya gama, in ka ce ba canji ya ce ka kawo gobe. Wannan dattijon, kallon da ya yi ma sai da na biya, gyaran inji kuma ya ce in dawo bayan mako shida. Fuskar dai ya ce ba ta da magani.

Da dare na kira Yaya na zayyane masa. Ya ce shi dai a ganinsa kyau ta yi, Turawa ne da son tsummokara. Na ce to ko kwalin yana nan? Ya tambayo Hajiya. Yana nan, ciki take zuba allura da zare, kuma ta ce kada wanda ya taɓa mata shi.